Tasha, Mota da Makaɗi: Hanyar da Waƙa Take Bi Ta Iso Guci



Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, ranku ya daɗe, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu na zaure da na lakkwal, Allah ya ƙara sani. Shugabannin ƙaramar hukumar Guci da suka ba mu wannan fili, da samarin da suka yi ɗawainiyar zaman nan tun daga shimfiɗa tabarmi har jan wayar lasifika, sannunku da ƙoƙari. Iyaye mata da nake hangowa can gindin bishiya, ina gaisuwa. Sai ku mutanen tasha, direbobi da ƴan kamasho da yaran mota da ƴan kabu-kabu: na san duk mintin da kuka yi a nan wani lodi ne ya wuce ku, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana a kan alaƙar kiɗa da zane da zaman birni, da sufuri, da wuraren da jama'a ke taruwa. Na san akwai mai cewa a ransa, yo Guci birni ce? Ba birni ba ce, kuma ba sai mun yi mata ƙarin gishiri ba. Amma waƙar da aka saki a Kano ranar Litinin, kafin Juma'a za ka ji yaro yana rera ta a bakin rijiya a nan. Wa ya kawo ta? Ba ma'aikatar al'adu ba ce. Abin da na zo da shi ke nan: daga Damagaram zuwa Kano, tasha da mota sun fi kowane gidan al'adu ɗaukar nauyin kiɗa da zane, mu kuwa muna tsara garuruwanmu kamar ba mu san da haka ba. Zan bi maganar ta fuska biyar.

Na farko: kafin mota, kowane wuri da kiɗansa.

Dattawan da ke nan sun fi ni sani. A da, ko makaho aka ja ya ratsa gari, kunnensa zai gaya masa inda yake. Ya ji kakaki da algaita da tambari, ya san ƙofar fada ce. Ya ji kalangu da hantsi, ya san rumfar mahauta ce, an yi yanka. Gangar noma tana gona ranar gayya, kiɗan ƴan mata yana dandali in wata ya yi fari, ayarin fatake ma da makaɗinsa yake tafiya. Kiɗa ba abin da mutum ke ɗauka ya shige ɗaki da shi ba ne. Yana da wuri, yana da lokaci, yana da masu shi.

Zane ma haka. Wanda ya shiga Damagaram ya zaga Birni da Zongo ya ga abin da magina suka yi a fuskar gidaje: dagi, da zanko a saman soro, da zayyana kewaye da ƙofar zaure. Garin ya bunƙasa ne zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya ja ganuwa, fatake daga Kano da Barno da Agadas suka riƙa sauka. Ku lura da abu ɗaya: adon nan a waje ake yin sa, yana kallon titi. Maigida ba ya ganinsa in yana ciki. Don mai wucewa aka yi shi. Kuma da zamani ya juya, magina a Zariya da Kano suka fara sa keke da mota da jirgin sama a jikin bango, kusa da takobi da dagi. Tun kafin mota ta ɗauki zane a jikinta, zane ya ɗauki mota ya manna a bango.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe: yadda direba ya zama ubangidan mawaƙi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930. Mu dai dogo bai zo mana ba. Abin da ya zo mana gyaɗa ce ta jawo shi. Ƙasar Magarya da Matamai ƙasar gyaɗa ce, ana auna ta a nan, manyan motoci su kwashe zuwa Kano, jirgi ya kai ta bakin teku. Bayan samun ƴancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan kasuwa, amma hanyoyin da aka buɗe da direbobin da aka horar ba su koma ko'ina ba.

To, ku dubi direban wancan zamani da idon mawaƙi. Mawaƙin fada yana jiran sallah ko naɗin sarauta kafin a ba shi riga da doki. Manomi sai kaka yake da abin kyauta. Direba kuwa kullum da kuɗi a aljihunsa, yau ya kwana Damagaram, gobe Kano, jibi Jos, kuma yana son a san sunansa a duk tashar da ya taka birki. Ina mawaƙin da zai ga wannan ya kau da kai? Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya waƙe sarakuna da attajirai, ya kuma waƙe direbobi, bai ga ƙasƙanci a ciki ba. Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, ya ma sauko ƙasa da direba: ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke sa waigi, ya kwana a ƙarƙashin mota, ya sha zagin maigida. Kafin nan wa ya taɓa tunanin yaron mota zai samu waƙar da duk ƙasar Hausa za ta haddace? Yaran mota da ke nan, ku ɗaga kai, sana'arku tana da waƙa tun kafin a haife ku.

Sai kaset ya zo, abin ya juye gaba ɗaya. A da direba yana biyan mawaƙi ne kawai. Da aka sa rikoda a gaban mota, sai ya zama shi ne mai yaɗa waƙar. Ku tuna yadda tafiyar take. An cika hayis maƙil, buhun gero a ƙarƙashin ƙafa, kaji a ɗaure a but, wata tsohuwa ta riƙe ƙwaryar fura a cinya. An bar gari, hira ta mutu. Direba ya miƙa hannu ya laluba cikin kasusuwan da suka sha rana, ya zaro ɗaya, ya hure ƙura, ya buga shi a tafin hannu sau biyu, ya tura. Daga nan har Magarya ko Damagaram, mutum kusan ashirin abu ɗaya suke ji, ko suna so ko ba sa so. In zare ya sarƙe, yaron mota ya sa biro ya naɗe. Wanda bai taɓa mallakar rediyo ba ya sauka da amshi a bakinsa, ya kai shi ƙauyensu.

Kuma ba waƙa kaɗai ba. Rikodar da ta ɗauki Shata ita ta ɗauki tafsiri da wa'azi da ƙira'a da waƙoƙin bege. Wa bai taɓa shiga motar da aka yi gardama ba? Wani dattijo ya ce, malam direba, a sa mana karatu mana, tafiya ce. Wani saurayi daga baya ya ce a bar mana kiɗanmu. Direba mai wayo ya sa karatu da safe, in rana ta take barci ya fara fizgarsa ya sa kalangu, ya ce don lafiyarku ne. Ni a ganina wannan ƴar gardama ta cikin mota tana da daraja, domin wuri ne da malami da maroƙi da ɗan kasuwa da ɗalibi suke zama kafaɗa da kafaɗa, dole su sasanta a kan abin da kunnensu zai ji.

Ga kuma iyaka. A shingen duwan ana sauke kaya, a duba takardu, a ƙirga buhu. Ba a taɓa sauke waƙa ba. Ta haka Shata ya zama namu, ta haka muryar Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Damagaram, ta tsallaka kudu. Ranar Alhamis, in motocin dabbobi suka dawo daga kasuwar Maigatari, ba kuɗin raguna kaɗai suke dawowa da shi ba.

Na uku: zanen jikin mota.

Ina so ku tsaya wata rana a bayan gingimari mai bodin katako, ku kalle ta da kyau. A ƙofar baya ga zaki ya danne barewa, ko mikiya ta kama maciji, ko masallaci tsakanin dabino biyu, rana tana faɗuwa a bayansa. A gefe an bi kowane katako da furanni, ja da kore da ruwan ɗorawa. A goshi kuma ga rubutu: “Mahaƙurci mawadaci.” “Hassada ga mai rabo taki.” “Allah ya kiyaye.” Wani da boko, wani da ajami, wani an haɗa da Faransanci ko Ingilishi mai karyayyar ƙafa.

Na taɓa zama kusa da wani mai wannan sana'a a bayan wani gareji. Kayan aikinsa gwangwanayen madara ne da ya zuba fenti a ciki, da buroshi uku da gashinsu ya zube, da tsumma, da ɗan kananzir. Ba ya zana komai da alli tukuna. Ya tsoma buroshi ya fara daga idon zaki, daga nan sauran jiki ya biyo. Mai motar yana tsugune a gefe yana cewa a ƙara wa zakin faɗin ƙirji. Rubutun da ya zaɓa kuwa habaici ne, kuma duk tashar an san da wa yake: wani ɗan'uwansa ne da ya ce ba zai taɓa mallakar mota ba. Kun ga ashe motar nan wasiƙa ce, kullum tana wucewa ta ƙofar gidan wanda aka rubuta wa.

Wannan shi ne zanen da talakanmu ya fi gani a rayuwarsa. Bai biya kuɗin shiga ba, zanen ne ya zo ya wuce ta gabansa. Amma mun taɓa ɗaukarsa a bakin wani abu? A Dakar akwai ƙananan motocin haya masu irin wannan ado, da Faransa ta sake buɗe gidan tarihinta na Musée de l'Homme a Paris a 2015, ɗaya daga cikinsu aka ɗauko sukutum aka girke a ciki. Namu kuwa in mota ta mutu, katakon bayanta murhu yake tafiya.

Sana'ar tana ja da baya, kuma dalilin a fili yake. Manyan bas-bas na kamfanoni, irin su Rimbo da STM, launin kamfani suke ɗauka, ba na direba ba. Ƙananan motoci da adaidaita sun koma kan sitika da ake bugowa da kwamfuta: hoton malami, hoton mawaƙi, ɗan ƙwallo, ɗan siyasa. Ba na raina sitika, ita ma tana faɗin abin da ke ran mai abin hawa. Sai dai guda dubu ake bugawa iri ɗaya, zakin mai buroshi kuwa babu biyunsa. Inda hannu bai mutu ba shi ne bangon fada. Tun shekarun 1990 da samari suka fara kafa fadodin shan shayi a Damagaram da sauran garuruwa, kowace fada sai ta rubuta sunanta a bango, da zanen buta ko zuciya ko kambi. Dattawa na ganin ɓata bango ne. Ni ina ganin jikokin maginan Zongo ne da ba su samu mai ba su aiki ba.

Na huɗu: salula.

Wannan ba sai na daɗe ba, kun fi ni saninsa. Kaset ya tafi, faifai ya zo ya wuce, yanzu ɗan memori ne da bai kai farce ba. A kowace tasha akwai saurayi da tebur da tsohuwar kwamfuta da tarin wayoyin caji, ka ba shi ƴan kuɗi kaɗan ya cika maka waya da waƙoƙi da finafinai. Tun da finafinan Kano suka kankama a shekarun 1990, waƙar fim ta mamaye mota, yau kuma Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Ado Gwanja da Ali Jita su ke tashi a adaidaita. Adaidaitar kanta daga Kano ta samo suna, zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta kuma cika gari bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, kafin ta bazu har Damagaram. Ko da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, ko da aka sake rufe ta bayan juyin mulkin da aka yi a nan ƙasar a 2023, shinkafa da mai sun yi wuya, waƙa ba ta yi ba.

Abu biyu ne ke damuna a nan. Ɗaya, wa ake biya? A da direba yana miƙa wa mawaƙi kuɗi hannu da hannu. Yau mai tebur ya samu, mai sayar da waya ya samu, wanda ya yi waƙar ko dala ba ta kai gare shi ta wannan hanya ba. Muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma tsakanin ofishinta da teburin tasha akwai tafiya. Na biyu, abin toshe kunne. Ka shiga mota yanzu, rabin fasinja kowa da tasa waƙar a kunne. Gardamar nan ta dattijo da saurayi ta ragu, ba don sun shirya ba, don ba sa jin juna.

Na biyar: fili na wa ne?

Nan ne maganar ta shafi masu iko da ke zaune a gabana, ranku ya daɗe, ku yi mini haƙuri. Gari in ya fara girma, abin da ake fara yankawa a sayar shi ne dandali, domin ba shi da mai shi da zai kai ƙara. In za a gina sabuwar tasha, injiniya ya zana wurin ajiye mota, da ofishin sandika, da masallaci, da bayan gida, a ja katanga a sa ƙofa. Duk sun dace. Amma mai gurmin da ke zagaya motoci kafin su cika fa? Makahon da ke bege da yaronsa? Mai fentin da ke bayan gareji? Ba su cikin zane, don haka ranar da aka buɗe tasha, mai gadi ya kore su. A Paris, tun 1997 kamfanin jirgin ƙarƙashin ƙasa yake tantance makaɗa ya ba su izinin yin kiɗa a tashoshinsa. Su da ba su gaji maroƙi a tasha ba sun nemo shi, mu da muka gada muna kora.

Kada a ce na zo kare hayaniya. Akwai ɓarna, kuma zan faɗe ta. Mai shagon caji da ke ƙure lasifika daga safe har tsakar dare yana zaluntar maƙwabci da mara lafiya. Kiɗa a ƙofar masallaci lokacin salla rashin ladabi ne. Waƙar batsa a motar da uwa take zaune da ɗanta cin mutunci ne. Ku kuma direbobi, Allah ya kiyaye hanya, ku yarda da ni a kan wannan: kirarin da ke zuga direba ya taka mota, a ce da shi ba ya ganin rami ba ya jin birki, ya taimaka wajen cika maƙabarta. Malamanmu da ke ƙorafi a kan waɗannan suna da hujja. Sai dai maganinsu ƙa'ida ce ta lokaci da wuri da ƙarar murya. In aka ce a share filin gaba ɗaya, samari ba za su daina ji ba, za su koma inda babu babba ko ɗaya da zai ji abin da suke ji. Wanda ya kalli fim ɗin da Aisha Maki, ƴar Damagaram, ta fitar a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara ya ga abin da ke faruwa da samarin da gari ya tura gefe.

Kuma mun iya tsara fili in mun so. Kokawar takobi ta ƙasa, da aka fara a Tawa a 1975, ba ta yiwuwa sai da makaɗa da masu kirari, an kuma gina mata fage a manyan biranen jihohi. Wasan kara da hawan ƙaho a Damagaram suna cika gari, hukuma da fada su tsare hanya, a yi a tashi. Abin da ake yi sau ɗaya a shekara ne nake roƙon a yi ƙaraminsa kowane mako.

Ga abin da nake ganin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma irin ta Guci ba. A bar dandali ɗaya a rubuce cikin takardun filaye, a dasa masa bishiya, kada a yanka shi ko wa ya zo da kuɗi. In za a gyara tasha ko kasuwa, a bar rumfa guda ta makaɗa da masu zane, sandika ta sa musu ƙa'ida. In za a rubuta allon lakkwal ko na gidan likita ko sanarwar rigakafi, a ba yaron gari mai buroshi kafin a aika Damagaram a bugo. Su kuma samarin da ke da manyan wayoyi, ku je wurin tsofaffin makaɗan noma da na kokawa da zabiyoyin da suka rage a ƙauyukan nan, ku ɗauki muryarsu da izininsu, ku kai wa gidajen rediyon karkara, ku kuma kai wa mai teburin tasha ya sa a cikin abin da yake tura wa mutane. Hanyar da ke kawo mana waƙar Kano tana komawa Kano. An aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, za a gina sababbin tashoshi a kansa, kuma ina so in ga ko a cikin masu zana su akwai wanda zai tuna da mai gurmi.

Na ga ƴan kamasho sun fara duban hanya, don haka a nan zan tsaya.   Fili naku ne yanzu: mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika. Zan so a fara da direbobi da iyaye mata, musamman wanda bai yarda da abin da na faɗa a kan kirari ba.